Daren da Kawu Nomau Ya Riga Kowa

Ran kasuwar Aujara, bayan isha,
motar majigi ta tsaya gindin tsamiya.
Aka rataya farin ƙyalle a bangon makaranta,
inji ya yi tari sau uku, ya kama.
Muka zube a ƙasa ni da ƙannena,
hannuwanmu na ƙamshin gyaɗar da muka wuni tsiga.

Sai ga wani dogo kamar karan dawa,
kwat ɗinsa hannu ɗaya,
goge a kafaɗa, agwagwa na bin sa a baya.
Ya tsaya ƙofar mai burodi, ya lumshe ido,
ya ja, ya ja,
ko sauro ya fi shi ƙara.

"An cuce mu!" in ji Ladiyo mai ƙosai,
"Na baro mai a wuta don kiɗan kurame?"
Mai inji ya ce, "Iya, haka aka haife shi,
hoton nan ya girmi magana."

Can baya, inda ya saba zama,
Kawu Nomau ne.
Zazzaɓi ya tafi da kunnensa yana ɗan bakwai,
bai dawo da shi ba.
A biki shi ne ƙarshen dariya,
sai ya ga haƙoran mutane ya buɗe nasa,
kamar mai biyan bashi.

Daren nan shi ya fara.
Ya hango inuwar mata a tagar bene
tun kafin bokitin ya karkata,
ya fashe.
Dariya mai tsatsa, irin ta ƙyauren langa-langa
da aka shekara ba a buɗe ba.
Sannan ruwa ya sauko wa mai goge,
sannan mu.

Ya riga mu ganin agwagwa ta haɗiye kwabon,
ya riga mu ganin ɗan sanda zai zame.
Yana nuni, muna bi.
Har dagaci ya matso da kujera
yana duban Kawu, yana duban bango,
kamar ɗalibi da allo.

Da mai gogen ya zauna bakin gada,
ya raba guntun burodi da agwagwarsa,
ya sake ja a hankali,
Kawu ya ɗaga mana hannu: ku yi shiru.
Muka yi.
Ban san me muke saurara ba.

A hanyar gida ya tsinci kara,
ya ɗora a dantse yana gogawa
har muka wuce rijiya.

Wata biyu motar ta dawo
da hoto mai magana, mai lasifika.
Na ruga na jawo rigarsa.
Ya leƙa, ya ga bakuna na motsi,
ya shafa kaina,
ya koma ɗaure awakinsa.