Wadda Hannu Ya Zaɓa

Wuƙar babana tana ƙasan tafkin Inari.
Ta suɓuce min, ta bi ramin da na huda a ƙanƙara,
ko ƙara ba ta yi ba.
Na durƙusa ina leƙen baƙin ruwa
har gwiwoyina suka manta da ni.

Ran Asabar na hau bas zuwa Ivalo,
maƙerar Aulis, mai kunne ɗaya da ke ji.
Wuƙaƙe a jere bisa fatar barewa,
idona ya faɗa kan doguwa mai sheƙi,
wadda za ka ga haƙoranka a jikinta.
Ya ce, “Kerttu, damisa za ki kashe?”
Na ce a’a.
“To me za ki yanka?”
Na ce cikin kifi. Igiya. Burodin da ya daskare.
Ɓawon ice, in ashana ta rage guda biyu.
Ya ce, “Mayar da ita. Kyan ɗan maciji ne.
Mai ɗaukar doguwa daji, rabin tafiya yake fara tsanarta.”

Na zaro ’yar naɗewa daga aljihu,
ta kanti, mai almakashi da mabuɗin kwalba.
Dariya ta sa shi tari.
“Duk abin da ke da gwiwa, wata rana zai durƙusa.
Jini ya shiga gaɓar, sanyi ya kama,
ki buɗe ta da me? Da haƙori?”

Sai ya kwanta da wata a tafin hannuna,
ruwanta bai wuce faɗin yatsu huɗu ba.
Ya juya ƙotar, ya nuna min ɗigon ƙarfe a gindi:
“Wutsiyarta ke nan. Ta ratsa icen har ƙarshe.
Wadda ƙarfenta ya tsaya a wuya
ranar da kika dogara da ita za ta rabu biyu.
Baƙin ƙarfe ne, yana tsatsa, ban ɓoye miki ba.
Amma kowane dutsen rafi yana iya wasa shi.
Farin ba ya tsatsa,
sai dai in ya dakushe a daji, sai kin dawo gari.”

Biyar suka rage, na kasa tsai da rai.
Ya fita, ya dawo da bokiti cike da dusar ƙanƙara.
“Sa hannu.”
Na sa.
Ya cika lofe, ya kunna, ya ba ni labarin karensa
da ya mutu bara, har da sunan likitan.
Yatsuna suka yi ja, suka yi fari, suka zama na wani.
“Yanzu rufe ido. Ɗauki.”

Ta farko santsi, ta gudu kamar kifi.
Ta biyu zoben tagullarta ya cije ni.
Ta uku ban ma san ina riƙe da ita ba.
Ta huɗu ta zauna.
Ban gani ba, amma na san inda kaifi yake kallo.

Na buɗe ido: mummunar cikinsu ce,
ƙotar icen koivu mai ƙulli kamar tabon ƙuna.
Ya tura ta kube, kuben ya haɗiye ta har wuya,
ya kife shi, ya girgiza. Shiru.
Bai rage min ko sisi ba.

Hunturu bakwai ke nan.
Ruwanta ya yi duhu, ya ɗan rame don washi,
ƙotar ta sha man kifi da gumina.
Aulis ya rufe maƙera, idonsa ya tafi.
Na huda gindin, na zura igiyar fata.
Duk sanda na sunkuya bakin rami
sai na zagaya ta a wuyan hannu sau biyu,
don tafkin nan ya ci tamu guda ɗaya,
kuma na san bai ƙoshi ba.