Ɗamarar Baya

Da igiyar shanya aka kawo tankin Dilimi,
ɗaure a cikin mota kamar tunkiyar kasuwa.
Baba Dalyop ya sauko daga sitiyari,
wandonsa jiƙe har gwiwa.

Mota ce mai ɗaki: gado, risho, taga da labule,
har madubin aski a rataye.
Ya ce a Hawan Kibo ta yi ƙara sau ɗaya,
ya ji wani abu na jan kwalta,
ya waiga, ga hanyarsa a zane baƙi wuluk,
jarka shida ta tafi, ba shayi, ba wanka,
awakin bakin titi suka sha ruwa.

Na shimfiɗa kwali, na shiga da baya.
Sanyin Jos ya fi son wanda ya kwanta.
Fenti na sama ne, don idon surukai;
nan ƙasa laka ce da giris,
da tsatsa mai cin ƙarfe kamar gara a azara,
ba ta hutu, ba ta gaggawa.

Ɗamara biyu ke goye da tankin.
Ta gaba ta cinye, na murza da yatsa,
ta zubo min a ido kamar yaji.
Ta baya kuwa lafiyarta ƙalau,
a kan walda ta ɓalle.
Na haska fitila, na daɗe ina dubawa.

Na san ɗinkin nan.
Gudaji-gudaji, ya karkace a ƙarshe,
hannun bahago ne mai sauri,
yaron da maigidansa ya bar wa aiki
alhali ƙwallo na jiransa a filin Polo.
Bai sa roba tsakanin ƙarfe da tanki ba,
bai sa washa ba,
noti ɗaya ya ɗaura inda ake ɗaura biyu.
Shekara tara ke nan.
Ashe ƙarfe ba ya mantuwa.

"Ilu, me ka gani?"
Takalmansa kawai nake hange.
Na ce, "Baba, ruwa ba ya zama.
Cikakken tanki bai da faɗa,
rabin tanki shi ne ɗan dambe,
kowane burki naushi, kowace kwana kokawa."
Duk gaskiya ce,
sai dai ba ita ake tambaya ba, na san da kaina,
na bar ta a maƙogwaro tana yunƙurin fitowa.

Na ce a sayi sabo. Ya ce a'a.
"Ngo Kaneng ta zaɓe shi.
Da bokiti take cika shi, sai ya tumbatsa.
Shekara biyu ni ke cikawa,
rabi nake iyawa."

Zakka, kawo jak.
Janye tankin can, roba ba ta shiri da tartsatsi.
Je Katako ka sayo ƙarfe mai kauri,
ka biya ta wurin mai faci, tsohon tib na tifa nake so.
Wuta ta ɗauke, muka tada janareta.
Ɗamara uku na yanka a maimakon biyu,
na yi wa kowacce shimfiɗar roba,
noti bisa noti, washa a tsakani,
na ja ɗinkin a hankali, kamar mai rubutun wasiƙa
ga wanda zai kwanta nan bayan ba ni,
don ya karanta ba tare da tsaki ba
in ya zo dubawa.

Da la'asar muka bi ramukan Gangare da gangan.
Ko motsi. Ko ɗigo.

Ya ƙirgo kuɗi, na mayar masa da na ɗamara ɗaya.
Na ce, "Ta baya bashi ce, Baba."
Ya dubi hannuna na hagu, ya yi dariya:
"Tun da ka ɗauki sifana na gane ka.
Riƙe kuɗinka. Ɗauko bokiti."

Ni da Zakka muka yi sawu goma sha biyu,
shi yana riƙe da mazurari,
har ya tumbatsa, ya jiƙa masa takalma,
bai ce ya isa ba, bai ɗaga kai ba,
yana ta sauraren ruwa.