Kama da Wane Ba Wane Ba

A Whitby, inda teku ke marin dutse,
Doina 'yar Romaniya ta cike takardar jinya:
"Winifred tana lonely."

Tsohuwar ta leƙo ta saman tabarau,
ita da ta ƙarar da ƙuruciya tana koyar da Turanci.
"Goge. Rubuta alone.
Wancan ciwo ne, wannan ƙirga ce kawai:
kujera ɗaya, cokali ɗaya, ni."

Doina ta goge har takarda ta huje.

Da magariba ta saɓa jaka, bas ba ya jira.
Tsohuwa ta kama bakin rigarta:
"Ai shayin bai huce ba."

Doina ta zauna, ba ta tanka ba.
Ta dai gane wace kalma ce
ke tururi a kofi na biyu.