Ni da Gaggawa a Bakin Korama

Likita ya ce mini: Malam, jininka ya hau,
ka riƙa taka ƙasa kafin rana ta yi ƙarfi.
Na ce to.
Ban gaya masa akwai wanda ya riga shi faɗa ba,
yana kwance ƙofar zaure tun rasuwar Tsahiru,
haɓa bisa ƙafafu, ido a hanyar daji.

Gaggawa sunansa.
Ƙanena ya raɗa masa, zamanin da zomo
ba ya kai gindin sabara in ya tashe shi.
Yanzu ƙafar baya ta hagu
sai ya lallashe ta take bin sa.
Ni ma gwiwata haka.

Mukan fita bayan asuba ta gabas da Mirriya,
mu bar gidajen ƙarshe, mu iske rijiya
inda Kubura ke janye gugarta ta ce:
Malam, shekara talatin kana koyar da yara a lakwal,
yau kare ne abokin tafiyarka?
Nakan ce: amana ce, Kubura.
Takan ce: to amanar ta yi nesa da tuluna.
Gaskiyarta. Mukan kewaye.

Daga nan ƙasa ke fara gangara.
Tudu ya ƙare da tsakuwarsa da ƙarangiyarsa,
da duwatsun nan masu sulɓi da suka hau kan juna
kamar wani ya tara su ya manta,
sai ƙanshin laka ya tarbe mu.
Shi yake fara jin sa. Wutsiya ta tashi.

Korama a watan nan ba ta kai gwiwa ba.
Tana tafe ba hayaniya tsakanin kacalla da rake,
dabino na leƙa fuskarsa a ciki,
zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya
kamar mai jiran bashi.

Isyaka mai garka ya bar mana kafa a shingensa.
Ku bi ta nan, in ji shi, wannan ya san kunya,
bai taɓa taka mini albasa ba.
Ba kowa ke faɗar haka ba.
Garka ta gaba, hoge muke samu,
shi ya sa muke bin gaɓar ruwa
ko da takalmina zai sha taɓo.

Akwai wani gawo a kwanar rafin
wanda tsawa ta tsage wa reshe.
Nan yake tsayawa. Kullum.
Ba inuwa yake nema ba, rana ba ta fito ba tukuna.
Ya shinshina saiwar, ya zauna, ya kasa kunne.
Sai da na yi wata guda kafin na gane:
nan Tsahiru ke ajiye gorarsa,
nan yake yin fito, gajere biyu, dogo ɗaya.

Na gwada.
Haƙorana na gaba sun tafi, iska ce kawai ta fita.
Ya dube ni, ya kau da kai,
irin kallon da nake yi wa yaro
in ya ba da amsa ba daidai ba amma ya yi ƙoƙari.

Jiya fakara ta tashi daga cikin ciyawa, fir!
Ya zabura, taku uku, huɗu,
har ƙafar ta manta da ciwonta,
sannan ya waiwayo neman mai sanda.
Ni ya gani, da carbi a hannu.

Muka sauka wajen ruwa.
Ya sha daga ƙasa, na wanke fuska daga sama.
Injin ban ruwa ya tashi can wajen Isyaka,
balbelu suka watse, suka dawo.

A hanyar gida shi ne gaba,
yana tsayawa bayan kowane taku goma
ya ga ko ina nan.