Jan Fenti

Ranar Talata suka zo, bayan la'asar,
mutum huɗu, da igiyar awo da gwangwanin jan fenti.
Ina zaure ina cin wuyan riga, zare a baki,
sai na ji Barau mai faci ya daina buga taya.
In Barau ya yi shiru, to akwai magana.

Suka ja gicciye a katangar Gwaggo Kuluwa,
daidai inda take shanya kuɓewa.
Suka ja a tamu, suka ja a ta Sambo mai rediyo.
Har rimin bakin rijiya bai tsira ba,
shi da ya girmi kakan wanda ya aiko su.

Wai shaguna ɗari uku, bene hawa huɗu,
wai filin ajiye motoci, wai fitilu har asuba.
Sun nuna mana a takarda mai sheƙi:
ga itatuwa a jere kamar 'yan fareti,
ga mutane suna yawo, ba mai gumi.
Na duba, na goge ido na sake dubawa,
ban ga mai kama da mu ba ko ɗaya.

Diyya, in ji su. To, bismilla, a auna.
Nawa ne kuɗin ƙofar da ke tsakaninmu da su Dije,
wadda ba ta da ƙyaure tun ina rarrafe?
Ta nan garwashi ke bi da sassafe,
ta nan gishiri, ta nan labarin naƙuda.
Nawa ne tarin Malam Iro kafin assalatu,
agogon da bai taɓa neman batir ba?
Cibiyata tana gindin wancan lemun tsami.
Motar wa za ku ajiye a kanta?

Daren Laraba muka taru a zauren Mai Unguwa,
fitila ɗaya, kai ya fi saba'in.
Aka yi ta cacar baki.
Lawandi ya ce a karɓi kuɗin a huta.
'Ya'yansa tara, rufinsa na yoyo tun bara,
ban ga laifinsa ba, wallahi,
ciki ba ya jin tarihi.
Sai Gwaggo ta buɗe wata tsohuwar kwalla,
ta zaro rasit na haraji, ya yi ja kamar an jiƙa da goro,
ga sunan mijinta, ga na uban mijinta.
Ta ce, "Ni ban iya boko ba,
amma wannan takarda ta san ni."

Muka kafa asusu.
Mai ƙosai ta sa cinikin safe,
'yan acaɓa suka sa kuɗin mai,
ni na sayar da riga mai aska takwas
da na yi wata biyar ina tsiyaye ido a kanta.
'Yar Sambo, mai karatun lauya a Kongo,
ta rubuta ƙorafi, muka bi layi muna dangwala yatsa,
shuɗin tawada yana amsa wa jan fenti.
Lawandi ne na ƙarshe.
Ya daɗe yana kallon yatsansa kafin ya ɗora.

An ɗage zaman sai bayan Sallah.
Katafila na can a fake ta wajen Ƙofar Doka,
ta sauke haɓa kamar saniya mai tuƙa.
Ba mu ci ba tukuna,
ba a kuma cinye mu ba.

Jiya yara suka shafe gicciyen da farar ƙasa,
ruwan dare ya zo, jan ya sake leƙowa.
Gwaggo ta harare shi, ta ja tsaki,
ta shimfiɗa tabarma a gindinsa ta baza kuɓewa.
Ga Barau can yana buga taya.
Dije ta leƙo tana neman garwashi.
Ni kuma na lashi zare,
na nemi kafar allura.