Fayil Ba Ya Tafiya da Ƙafarsa

Shekara talatin da ɗaya ina masinja a sakatariyar Jos,
na san nauyin takarda fiye da mai rubuta ta.
Na san fayil ɗin da ke hawa bene da gudu,
na san wanda sai an shafa masa mai.
Akwai wani ɗaki a ƙasa, inda ruwan Agusta ke shiga,
can fanshon Malama Ladidi ya shekara bakwai.
Gara ta ci shafin farko, ɓera ya ci sa hannu.
Ta rasu da "gobe" a bakinta,
mu muka koya mata kalmar.

Yanzu ina zaune a Gangare, gwiwa ta ƙi hawa.
Jikata Rahinatu ta miƙo mini waya:
"Kaka, ga kwalbatin layinmu, wai an gama shi bara,
ga sunan ɗan kwangila, ga abin da aka biya."
Na leƙa ta taga.
Ramin na nan, agwagi na wanka a cikin miliyoyin.
Ta ɗauki hoto, ta tura.
Na yi shiru, don na san inda koke ke kwana.

Amma wannan abu, an ce, ba ya cewa a dawo Litinin,
ba shi da suruki a ma'aikatar ayyuka.
Ya baje albashi kamar mai tsince tsakuwa a acca,
ya fito da malamai arba'in masu babban yatsa ɗaya,
da direban da aka binne tun ina saurayi,
yana nan yana karɓar kuɗin kwanan daji.

Sai kuma ya kashe ni.

Wata uku fansho shiru. Na hau keke-napep na je.
Allo ya ce: Tanimu Barau, marigayi.
Na ce ga ni, da hulata.
Allo bai ɗago kai ba.
Wata yarinya, Nanret, 'yar Pankshin, ta ja mini kujera,
ta bi sawu har Bukuru:
wani Tanimu ne, Allah ya jiƙansa,
lamba ɗaya ta haɗa mu kabari.
Ta gyara. Sunanta ya fito a ƙarƙashin gyaran,
da rana, da sa'a, da minti.
Wannan ne ya tsaya mini a rai,
don a zamaninmu kuskure maraya ne,
kowa ya ce ba a teburinsa aka haife shi ba.

Fitila ce, ba alƙali ba.
Tana nuna ɓarawo, ba ta riƙe masa hannu,
kuma wanda ya riƙe ta na iya juya ta bango.

Jiya tifa ta juye yashi a bakin ramin.
Rahinatu ta yi guɗa.
Na ce ki bari tukuna, yashi ba kwalbati ba ne,
ki sa wayar a caji,
gobe da sassafe mu sake ɗauka.