Abin da Bango Ya Haɗiye

Gidana na kan tudu a Valparaíso,
matakala saba'in da huɗu daga titi,
kowacce gwiwata ta san ta.
Iskar teku kan zo da gishirinta,
ta lashi kwano, ta lashi ƙusa,
abin da ta lasa kuwa tsatsa ce magajiya.

Tun girgizar ƙasar bara
ƙyauren kicin ke gaba da dokin ƙofa,
sai na sa kafaɗa yake rufuwa.
Wannan na saba.
Abin da ban saba ba shi ne tabon nan
da ya tsiro a bango, bayan famfo,
ran Laraba kamar tafin jariri,
kafin Lahadi ya kai faifai,
yana warin tsumman da aka manta a bokiti.

Na jawo akwatin Nibaldo.
Shekara uku ke nan da binne shi,
sufana har yau da maiƙon hannunsa,
ga lanƙwasassun ƙusoshi cikin gwangwanin kifi,
wai wata rana zai miƙe su.
Na ɗaure noti, ɗigo ya ƙaru.
Na sassauta, ruwa ya mare ni a fuska.
Na zauna daɓas a ƙasa na zage shi,
sannan na nemi gafararsa,
sannan na kira Evaristo.

Ya hawo yana haki,
ya sha ruwa kofi biyu kafin ya yi magana,
ya kara kunne a bango kamar likita a ƙirji.
"Doña Ermelinda, famfonki lafiya lau.
Ciwon na ciki ne. Sai an fasa."
Na ce nawa? Ya faɗa. Na dafe ƙirji.
Ya rage kaɗan. Na ce fasa.

Guduma uku, filasta ta zube.
Ga bututu, tsufa ya mai da shi kore,
ga tsaga, tsawon ɗan yatsa,
an naɗe ta da robar tayar keke,
an ɗaure da wayar shanya,
a bisa su kuma, ƙulli kan ƙulli,
wani tsumma da ya taɓa zama shuɗi.

Evaristo ya yi dariya har da tari:
"Wane gwani ne ya yi wannan aika-aika?"
Ni ban dara ba.
Na gane fararen furannin da ke bakinsa.
Ɗankwalina ne na siliki,
wanda na zazzage durowa a kansa,
na ɗaga katifa, na leƙa bayan firji,
ƙarshe na ce ƙanwata Eduvigis ce ta ɗauka
ranar baftismar jikata.
Kirsimeti biyu ba mu gaisa ba,
har yau ma gaisuwar ba ta da gishiri.
Shi kuwa yana zaune a kujerar can,
yana ɓare lemo, bai ce uffan ba.
Ce mini ma ya yi ya kira mai gyara,
har da faɗin kuɗin da ya biya.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Nasa shekara goma sha ɗaya ya yi
yana tare ruwa a bayan kwanukana,
ko ɗigo ban gani ba.

Evaristo ya yanke ruɓaɓɓen,
ya sa sabo, ya liƙe da dalma.
"Wannan zai kai shekara ashirin."
Ramin kuwa ya bar mini shi hangame,
sai Talata, in siminti ya samu.

Na wanke ɗankwalin sau uku,
a na ukun ya rabe biyu a hannuna.
Na shanya a taga, inda ake hango jiragen ruwa.
Gobe zan shiga motar Quilpué,
rabi guda cikin jakata.
Ban san da me zan fara mata ba.

Na tashi in rufe kicin.
Sai da na sa kafaɗa.